Riƙon Tsohuwar Mota

Idan ka duba titunan garinku, za ka ga cewa yawancin ƙananan motocin da iyalai ke hawa ba sababbi ba ne. Wasu an shigo da su ne bayan an yi amfani da su a Turai ko Amurka. Irin waɗannan su ne Hausawa ke kira 'yan Kwatano, saboda da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke biyowa. Wasu kuma a nan gida aka harhaɗa su. A 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma har yau akan ga 504 ɗinsa tana ɗaukar iyali zuwa ƙauye ranar salla. Wataƙila a gidanku ma akwai motar da ta girme ka.

Me ya sa magidanci yake riƙe mota shekara goma sha biyar ko ashirin? Dalili na farko kuɗi ne, domin sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata. Na biyu kuwa sabo. Mai tsohuwar mota ya san halinta kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa. Da ya ji wata ƙara daban, ya san akwai abin da ya kwance.

To, amma tsohuwar mota ba ta yafe sakaci. Abin da za ka fara kula da shi shi ne baƙin mai. Aikinsa shi ne hana ƙarafan cikin inji gogar juna. Idan ya daɗe, sai ya yi datti, ya rasa santsinsa, ƙarafan su fara cin junansu. Makanikai da yawa sukan ba da shawarar a juye shi bayan tafiyar kilomita 5,000. Kada ka jira ranar juyewa kaɗai, domin tsohon inji yakan sha mai. Ka riƙa zaro sandar awo da safe, kafin a tayar da mota, ka ga inda man ya tsaya.

Sai ruwan lagireto, wanda ke sanyaya inji. Idan ya ƙare a kan hanya, injin zai yi zafi ƙwarai, har murfin kansa ya lanƙwashe, gyaran kuwa yana da tsada. Ka kiyaye wannan: ba a buɗe murfin lagireto alhali inji yana da zafi. Ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Wurin zamanka ma yana da nasa tasiri. A Legas da Fatakwal da Kalaba, yawan ruwan sama da iskar teku mai gishiri suna sa ƙasan mota ya yi tsatsa. A Kano da Sakkwato kuwa, ƙurar hunturu ce ke toshe matatar iska, sai mota ta riƙa shan fetur fiye da ƙima. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai abubuwa biyu da ba a yi musu rowa, wato birki da taya, domin a kansu ran iyali yake. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, saboda roba tana bushewa ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Idan ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sukan duba wannan lamba a kan hanya.

Samun kayan gyara ya danganta da irin motar. Wadda ta yi yawa a ƙasa, kamar Toyota Corolla ko Volkswagen Golf, ba ta ba da wahala. Za ka sami kayanta a kasuwar Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Sai dai ka tafi da makaniken da ka amince da shi, domin ba kowa ke iya bambanta na ƙwarai da jabu ba, kuma araha ba ta ado. A ganina, makanike ɗaya mai gaskiya ya fi biyar masu sauƙin farashi, tun da shi ne zai san tarihin motar.

Wata rana dole tambaya ta taso: a ci gaba da gyara, ko a sayar? Don haka ka ajiye ɗan littafi a cikin mota, ka riƙa rubuta kowane gyara da kuɗinsa da ranarsa. Idan a shekara guda abin da aka kashe ya kusa kai kuɗin motar kanta, ko tsatsa ta cinye ƙarfen da ke riƙe da jikinta, lokacin rabuwa ya yi. Idan kuwa inji da giya suna lafiya, tsagewar kujera da koɗewar fenti ba za su hana ta kai yara makaranta gobe da safe ba.