Abin da ke katse tafsirin kai-tsaye a unguwannin Hausawa na Kudu

Idan azumi ya kama, tafsirin da ake watsawa a Facebook daga gidaje a Garikin Inugu, Titin Bida na Anacha da Diobu ta Fatakwal yakan kai ga 'yan uwa har Abuja da Kano. Da hoto ya daskare a tsakiyar aya, sai kowa ya ɗora laifi kan kamfanin sadarwa.

Akwai ranar da matsalar ta fi ƙarfin kowa. A 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da fara azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, har da MainOne da WACS, suka lalace.

Amma katsewar kullum galibi daga cikin ɗaki take. EEDC ko PHED na ɗauke wuta, rauta ta mutu, kuma kafin janareta ya tashi ta sake kama layi, masu sauraro sun watse. Ƙaramin batir na rauta yana maganin wannan. Sai batun gudu: watsawa na dogara ne da ƙarfin aikawa, wanda yakan gaza na saukewa nesa, don haka rage hoto zuwa 720p ya fi sauya layi amfani. Wayar da ake caji tana ɗauka kuma takan yi zafi, ta rage aiki da kanta.