YADDA A KE GANE MAHAYI YA WUCE ƊAN KOYO

Ko wace shekara, in azumi ya raba tsakiya, sai ƙofar hakimi ta cika da masu roƙo. Wannan dagaci yana so a sa ɗansa cikin ayarin hawan Salla, wancan attajiri ya sayi doki yana so ƙanensa ya hau. Hakimi kuwa shi za a tambaya in yaron ya faɗi a gaban Sarki, ko dokinsa ya ƙwace ya tattake 'yan kallo. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, don ta taimake su rarrabe wanda har yanzu ɗan koyo ne da wanda ya kai matsakaici.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA TASO

A zamanin En'e ba a bukatar takarda a kan wannan. Hakimi a kan doki ya ke rangadi, manzon dagaci kuma a kan doki ya ke kai saƙo daga ƙauye irin su Dareta zuwa Anka. Yaro a gindin turke ya ke tashi, ya yi yankan ciyawa, ya kai doki ruwa, kafin a yarda ya sa ƙafa a likkafa. Yau mota da babur sun karɓe wannan aiki, doki ya koma na Salla da naɗin sarauta da biki. Samari da yawa ba su taɓa sirdi sai Salla ta matso.

Darajar hawa kuwa ba ta ragu ba. An yi babban hawa a Kano a 1925 don Yariman Ingila, an yi a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, an sake yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun da duniya ta yarda a kiyaye. Watau masu son hawa suna nan da yawa, amma kwanakin koyo sun ragu. Daga nan haɗari ke fitowa.

MATAKAI UKU

Mahaya kashi uku ne. Ɗan koyo shi ne wanda doki ke tafiya da shi. Matsakaici shi ne wanda ke tafiya da horarren doki inda ya ga dama, ya tsai da shi sa'ad da ya ga dama, ko shi kaɗai ko cikin taro. Gwani shi ne wanda za a ba dukushi ya hore shi, ko a ba shi ingarma mai tutsu ya sauko da shi lafiya.

A wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya kafa a ƙasarsa, ana ba ko wane ɗan wasa lamba, tun daga biyu ƙasa da sifiri har zuwa 10. Ba shi ke ba kansa lambar ba, waɗanda suka ga hawansa ke yanke masa. Haka ya kamata a yi a ƙofar hakimi. Shaidar mahayi ba ta fitowa daga bakinsa, ko daga bakin mahaifinsa.

ALAMUN DA KE RUƊIN MUTANE

Na farko, sukuwa. Sakin doki da gudu ba gwaninta ba ce, gama doki da gudunsa aka haife shi. Doki mai sukuwa ya kan yi mil 25 a awa, watau wajen yadi 12 kafin mutum ya ce "ɗaya". Abin tambaya shi ne, a ina zai tsaya, kuma wa zai tsai da shi?

Na biyu, rashin faɗuwa. Sirdin ƙasar Hausa yana da kwacciya mai tsawo gaba da baya, likkafarsa kuma mai faɗi ce. Irin wannan sirdi ya kan riƙe wanda bai iya zama ba, har ranar da doki zai yi tsalle gefe.

Na uku, tsohon doki. Dokin da ya yi Salla goma ya san hanyar idi, ya san inda a ke zamiya. Sau da yawa a kan yaba yaro, alhali dokin ne gwani.

Na huɗu, doki ɗaya a fage gudu gare shi. Wanda ya burge a bayan gari shi kaɗai, ba a san shi ba sai ya shiga tsakanin dawaki.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A DUBA

1. Zama. Matsakaici yana zaune sosai cikin sirdi, bayansa a miƙe, idonsa a gaba. Ɗan koyo ya kan sunkuya, ya riƙa kallon wuyan doki, hannunsa na neman kwacciya. A sa yaro ya fitar da ƙafafunsa daga likkafa yana tafiya, ya mai da su ba tare da ya duba ƙasa ba. Sa'an nan a sa shi sassarfa, gama ita ce ke tona asiri. In yana tsalle a kan sirdi kamar buhun gyaɗa, da sauran aiki.

2. Hannu. Wannan shi ne babban ma'auni, in ya samu sauran masu sauƙi ne. A bakin doki akwai fili tsakanin haƙoran gaba da turame, inda babu kome sai fata siririya a kan ƙashi. A nan linzami ke kwanciya. Linzamin gargajiya kuwa mai zafi ne, yana da harshen ƙarfe da ke dukan ganɗa da zobe da ke matse haɓa. Sabo da haka ja kaɗan ya isa. Ɗan koyo, da ya ke zamansa bai kafu ba, igiyar linzami ya ke riƙewa don kada ya faɗi. Ko wane motsi nasa sai ya sauka a bakin doki. Doki ya ji zafi ya ɗaga kai, yaro ya tsorata ya ƙara ja, doki ya yi tabarya, wani lokaci har ya faɗo da baya a kan mahayinsa. Mafi munin faɗuwa ke nan.

Matsakaici ya raba hannunsa da zamansa. Jikinsa na bin motsin doki, hannunsa na nan ƙasa a natse. Ya kan ja, doki ya amsa, nan da nan ya sassauta, don sassautawar ita ce ladan doki. Yana juya shi dama da hagu da ɗan motsi, yana mai da shi baya taki uku ba tare da kokawa ba. Bayan an sauka a buɗe bakin doki a duba. In an ga jini ko kumfa mai ja, mahayin bai wuce ɗan koyo ba, kome kyawun hawansa a ido. Haka nan ƙaimi: wanda bai iya hana dugadugansa motsi ba, kada a ɗaura masa.

3. Hankali cikin taro. Doki yana gani kusan ko'ina kewaye da shi, sai dai daidai bayansa, shi ya sa ya ke harbin abin da ya matso masa ta can. Matsakaici ya kan bar tazarar tsawon doki ɗaya tsakaninsa da na gaba. Yana karanta kunnen dokinsa: in ya kwantar da su baya, cizo ko harbi na tafe. Ba ya kai ingarma kusa da goɗiya, ba ya gama ingarmu biyu. In aka buga bindiga ko tambari doki ya zabura, shi ba ya zabura.

4. Kula da doki. Wanda sai an ɗaura masa sirdi ɗan koyo ne, ko da ya yi furfura. Matsakaici shi ke ɗaura kayansa, ya sake duba majayi bayan ɗan tafiya, don doki ya kan kumbura ciki lokacin ɗauri. In ya sauke sirdi ya kan shafa bayan doki ya nemi miki, ya ɗaga kofato ya cire tsakuwa. Ya san doki na shan galan 5 zuwa 10 na ruwa a yini, har fiye da zafin bazara. Ya san kuma doki ba ya amai, sabo da haka ba a cika masa ciki da dawa sa'an nan a sake shi da gudu.

A wannan yanki akwai ƙarin abu guda. A 2010 gubar dalma da ta fito daga niƙan dutsen zinariya ta hallaka yara wajen 400 a Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Wannan guba tana kama doki ma, ta shanye masa maƙogwaro har numfashinsa ya riƙa ƙara. Mahayi mai hankali ba ya shayar da dokinsa a kududdufin da a ke wankin zinariya, ba ya yanko masa ciyawar wurin.

YADDA ZA A YI GWAJI

Ana ba da shawara a yi gwajin da sauran wata guda kafin Salla, don wanda ya gaza ya sami lokacin gyara. Hakimi ya zaɓi dattawa biyu masanan doki, waɗanda ba dangin yaron ba. A yi shi a fili mai laushi, nesa da kasuwa da yara.

Yaro ya kamo doki daga turke ya ɗaura kaya da kansa. Ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya yi sukuwa, sa'an nan ya tsaya a kan layin da aka ja masa a ƙasa. A yi wannan sau biyu: sau ɗaya yana barin gari, sau ɗaya yana fuskantar gari, gama doki in ya fuskanci barga ya fi wuyar tsayarwa. Daga nan a sa shi tsakanin dawaki huɗu ko biyar, a kaɗa ganga, a saki sauran, a ce shi ya riƙe nasa. A ƙarshe a canja masa doki, a ba shi wani horarre da bai saba da shi ba, a maimaita. Wanda ya yi duk wannan a rana biyu dabam dabam, bakin doki lafiya, ya kai matsakaici.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Malami ya buɗe littafi, ya rubuta sunan mahayi da ƙauyensa, da kamannin dokin, ko kili ne ko akawal ko danda, da ranar gwaji, da sunayen dattawan da suka gani, da abin da suka yanke. Wannan littafi kariya ce ga hakimi ranar da wani zai zo da ƙorafi cewa an hana ɗansa don ƙiyayya.

Ɗan koyo ba a hana shi Salla. A ba shi doki mai sanyi, a sa mutum ya riƙe masa ragama, ya tafi a tsakiyar ayari, ba ƙaimi, ba sukuwa. Matsakaici ya hau shi kaɗai cikin ayari, kuma a iya sa shi jahi in akwai gwani a damansa da hagunsa. Sahun gaba na jahi da ingarmu masu zafi na gwanaye ne.

Abu mai nauyi shi ne hakimi ya ce wa ɗan babban gida ya dakata sai baɗi. Amma ya fi sauƙi a kan zuwa gaisuwar mutuwa ran Salla. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai kowa fage lafiya, ya sauke shi lafiya, amin.