Inna Da Littafinta A Bagega

Yau zancenmu a kan wata maƙwabciyarmu ne, Kirista, da littafin da take karantawa. Ko wane addini kike bi, ki daure ki karanta har ƙarshe, akwai abin ɗauka.

Kun dai san abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum cikin 2010. Maza sukan haƙo dutsen zinariya su kawo gida, a daka, a niƙa, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen nan cike yake da dalma. Yara suka dinga amai da jijjiga da suma, har fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara. Garinmu Bagega yana cikin wuraren da abin ya fi tsanani.

A lokacin ina aji shida na firamare. Wannan mata, da muke kira Inna, daga ƙasar Zuru ta biyo mijinta, sana'arta tuyar ƙosai. Ɗanta mai shekara biyu yana cikin waɗanda suka rasu, aka bar ta da 'ya ɗaya.

Inna ba ta yi makaranta ba tana yarinya. Sai da ta haihu ta koyi karatu a ajin Zumuntar Mata na cocinsu, don kawai ta iya karanta Littafi Mai Tsarki da kanta. Ta kuwa samu abin a sauƙaƙe, domin tun 1932 aka buga littafin duka da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa a Zariya ya yi shekaru yana yi tare da wasu. An kuma sāke fassara shi a 1979.

To, bayan rasuwar yaron, kullum da asuba kafin ta hura wuta, sai in hango ta ta katanga, ta buɗe littafin a cinya. Da farko labarin Ayuba take ta maimaitawa, mutumin da ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya. Ta ce wa mahaifiyata abin da ya sanyaya mata rai shi ne, Ayuba ya yi kuka, ya kai ƙararsa ga Allah, bai kuwa saki Allah ba. Daga nan ta daina jin kunyar hawayenta, ta kuma daina zargin mutane da maita.

Amma fa littafin bai bar ta a haƙuri kaɗai ba. A Littafin Sarakuna na biyu, sura 4, akwai labarin wata mata ta garin Shunem. Da ɗanta ya mutu ba ta naɗe hannu ba, ta sa aka ɗaura wa jaki sirdi ta tafi neman Annabi Elisha. Inna ta ce ita ma ba za ta zauna ta zuba ido ba.

Ta durƙusa ta ce wa mijinta, "Maigida, ka yi haƙuri, dutsen nan ba zai sāke shiga gidan nan ba." Ya yi faɗa, domin daga nan abincinsu ke fitowa. Ta ƙara yawan ƙosai don ta toshe giɓin. Ta sa yana sauya tufafi kafin ya shigo, tana wanke hannun yarinyar kafin cin abinci, tana yayyafa ruwa kafin shara.

Likitocin agaji na MSF sun bayyana cewa magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma cikin ƙurar, sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa. Wannan aiki bai iso Bagega ba sai 2013. Shekara uku ke nan Inna tana karatu, tana addu'a, tana tsare 'yarta. Da aka fara gwajin jini ta goya ta ta kai, ta kuma bi gida gida tana lallashin maƙwabta, Musulmi da Kirista, su kai nasu. Yarinyar ta rayu, har ta gama sakandare.

Ku duba fa, da littafin nan a ƙasan akwati yake cikin tsumma, ko da sai ta jira Lahadi wani ya karanta mata, da ba ta same shi ba a asubar da take bukatarsa.

Saboda haka ke matar aure, kada ki ce kin tsufa da koyon karatu, Inna da goyo ta fara. Ke kuma 'yar makaranta, ki riƙe karatunki da kyau, ba don takardar shaida kaɗai ba. Wata rana za ki bukaci buɗe littafin addininki da kanki, babu mai karanta miki a kusa.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa.