Gishiri da Tsohuwar Sandar Fatsa

A birnin Dubai, a bakin Tekun Fasha, babban abokin gāban tsohuwar sandar fatsa shi ne gishiri. Ruwan yawancin tekuna yana da gishiri wajen giram 35 cikin lita guda, amma na Tekun Fasha ya kai 40, gama zafin rana yana ƙafar da ruwa, ya bar gishirin.

Sandunan dā da gorar ƙasar Sin ake yin su, watau tsagi shida ake manne su da gam. Da Amurka ta hana ciniki da Sin a 1950, sai gorar ta yi wuya, aka koma ga zaren gilashi.

Gishiri yakan ci zobban ƙarfe da igiya ke bi, zafi kuwa ya fasa man da aka shafa wa gorar. Daga nan laima ta shiga, gam ya saki. Saboda haka mai gyara yakan kankare tsohon man, ya ɗaure sababbin zobba da zaren siliki, sa'an nan ya sāke shafe. Mahaɗin gaɓoɓi kuwa, in ya lalace, sai a ciro daga wata karyayyar sanda mai kauri ɗaya. Bayan kowace fatsa, lalle a wanke sanda da ruwan daɗi.