Albasar Madawa a yanar gizo: ta ina mai saye zai gano mu?

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 cikin watan Maris ko Afrilu, daga Galmi zuwa Madawa, ya san lokacin albasa ya yi tun kafin ya ga buhu, domin hancinsa ne zai fara gaya masa. Manyan motoci na jere a bakin kwalta suna jiran lodi zuwa Abijan, Akara, Kumasi da Lome. Tun kakanninmu, baƙon da ya zo saye yana sauka ne wurin mai masauki, shi kuwa ya haɗa shi da dillali, dillali ya kai shi garka ko bakin rudu. Wannan tsari bai mutu ba, ba kuma zai mutu gobe ba. Sai dai akwai wani sabon mai saye da ya shigo kasuwar, wanda bai san mai masauki ko ɗaya ba a jahar Tawa: yana zaune a Abijan, ya ɗauki wayar salula, ya rubuta kalma uku ko huɗu a Google, abin da ya fito masa a sama shi zai kira.

Mai karatu, gwada da kanka. Rubuta Keita kaɗai. Za ka ga mawaƙi Salif Keita, da Modibo Keita shugaban Mali na farko, da ɗan ƙwallo Naby Keita na Gine, garin kuwa ya nutse can ƙasa. In ka ƙara sunan Nijar, abin da ya fi yawa shi ne rahotanni kan babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Aiki ne na alfahari, matan Adar sun ɗauki duwatsu a ka har tuddai suka yi kore, amma waɗanda suka rubuta labarin galibi ba ƴan Keita ba ne, kuma ba tumatirin Tamaske ko albasarta suke talla ba. Madawa da Buza ma kusan haka: alƙaluman ƙidaya, hasashen yanayi, rahotannin ƙungiyoyin agaji. Tabarmin kaba da aka san Madawa da su a duk faɗin ƙasa, sai ka tona kafin ka gan su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ziyarar da na kai wa sakataren wata ƙungiyar manoma a kwarin Tarka. Ƙungiyar ta tara kuɗi, ta biya wani saurayi a Yamai ya gina mata shafi a intanet, da hotuna masu kyau da tuta mai kaɗawa. Shekara ta zagayo, ko mutum ɗaya bai kira ya ce a shafin ya gan su ba. Muka zauna muka nemi shafin a Google da sunan albasa, da sunan gari, da sunan ƙungiyar, bai fito ba sai da muka rubuta adireshinsa harafi bayan harafi. Shago ne aka gina a bayan gari ba tare da allo ba. Gyaran irin wannan matsala shi ne abin da Faransawa ke kira référencement, masu Ingilishi kuma suke taƙaita shi da haruffa uku, SEO. Mafi yawansa ba ya bukatar ko dala.

Sai mun fahimci yadda injin bincike ke aiki tukuna. Ayyukansa uku ne. Yana da manhajoji da ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi, suna bin mahaɗan da ke kai mutum daga wannan zuwa wancan. Abin da suka karanta sai a adana shi cikin wani ƙaton kundi. Idan mutum ya yi tambaya, ba duniya injin ke zagayawa a lokacin ba, kundin yake buɗewa ya jera amsoshi. Ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, da suka kafa Google a 1998, dabararsu ita ce su ɗauki kowace mahaɗa a matsayin shaida: shafin da shafuka masu mutunci ke nunawa, shi ma yana samun mutunci. Ɗan kasuwar Adar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, don ya san baƙon da babban mai masauki ya tsaya masa ba ɗaya yake da wanda ya sauko daga mota shi kaɗai ba.

Aikin farko na mai shafi shi ne kalmomi, kuma a nan ne mu ƴan wannan yanki muke da wahalar da Bafaranshe ba ya da ita. Garinmu ɗaya, sunansa biyu a rubuce: Madaoua a takardun gwamnati da taswira, Madawa a rubutun Hausa. Haka Bouza da Buza, Tahoua da Tawa. Mai saye na Abijan da Faransanci zai nema, ya rubuta oignon ko violet de Galmi. Na Kumasi da Ingilishi zai nema. Ɗan uwanmu na Sakkwato ko Illela zai rubuta albasa, kuma sau da yawa ba zai sa lanƙwasar ƙ da ɗ ba, don wayarsa ba ta saba da su ba. Shafin da ya zaɓi rubutu ɗaya kawai ya rufe ƙofa ga sauran. Shawarata ita ce kowane harshe a ba shi shafinsa, cikakke, da hannun wanda ya iya harshen, kuma a cikin kowane a ambaci sunan garin ta fuska biyu ko da sau ɗaya ne. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, tana taimako, amma wanda ya bar mata bayanin farashi da awo ba tare da dubawa ba, wata rana zai sayar da buhu a kuɗin tiya. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ma'aikatunmu ma ba su da hujjar barin shafukansu cikin Faransanci kaɗai.

Kada mai shafi ya zauna a biro ya ƙirƙiro kalmomin. Ya saurari masu kiransa a waya, ya rubuta tambayoyinsu yadda suke yin su: nawa ne buhu, kilo nawa ke ciki, sabuwa ce ko ta ajiya, wane wata ake samu, mota nawa za ku iya cikawa a mako, wa ke biyan lodi. Waɗannan tambayoyin su ne mutane ke rubutawa a injin, amsarsu kuma ita ce ya kamata ta cika shafin. Tarihin kafa ƙungiya da jawabin shugaba suna iya jira a shafi na baya.

Sannan kan magana. Kowane shafi yana da take, wanda shi ne layin da ke fitowa da manyan haruffa a jerin amsoshi. Shafin abokina sakatare takensa Accueil, wato barka da zuwa, kalmar da miliyoyin shafuka ke ɗauke da ita. Da an rubuta “Albasa violet de Galmi, sari daga Madaoua, Niger” da injin ya san abin da ake sayarwa da inda ake sayar da shi. Taken kada ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, don abin da ya ɗara ana yanke shi. A ƙarƙashinsa akwai gurbin taƙaitaccen bayani na layi biyu. Wannan ba ya ɗaga shafi sama da kansa, amma shi mai nema ke karantawa kafin ya yanke shawarar taɓawa. Kowace haja kuma da shafinta: albasa daban, busasshen tumatir daban, tabarmi daban. Wanda ya zuba su duka wuri ɗaya ya rikita injin, ya rikita mai saye.

Yanzu ga laifin da ya fi yawa, kuma ma'aikatan gwamnati su gafarce ni, nasu ya fi na ƴan kasuwa. An saba a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauki hotonta da waya, a liƙa a shafi. Ga idon mutum sanarwa ce, ga injin kuwa hoto ne kurum, ba a dogara da shi ya karanta abin da ke ciki. Magajin garin da ke son ɗan ƙasa mazaunin Legas ko Tiripoli ya san takardun da ake bukata don samun takardar haihuwa, da ranakun kasuwannin karkararsa, da lokacin buɗe biro, sai ya sa a rubuta su da haruffa a jikin shafin, hoton mai hatimi ya biyo baya a matsayin shaida. Hotunan haja ma a ba su suna na hankali maimakon lambobin da waya ke ba su, a kuma cika ɗan gurbin da aka tanada don bayanin hoto, wanda makafi masu amfani da manhajar karatu su ma da shi suke gane abin da ke ciki.

Nauyin shafi magana ce ta aljihu. Tun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke karantuwa a waya, a 2023 kuma ya sanar cewa ya kammala komawa ga duba fuskar waya ta kowane shafi kafin ta kwamfuta. Mu da muke sayen mega da jika ɗaya ko rabinta, mun riga injin sanin haka. Tutar nan mai kaɗawa da hotuna goma da ba a rage girmansu ba, a Karofane ko Garhanga ba za su buɗe ba kafin haƙurin mutum ya ƙare. A rage hotuna, a sa lambar waya a sama inda yatsa zai taɓa ta kira. Adireshin kuma ya fara da https, alamar tsaro da Google ya sa cikin ma'auninsa tun 2014, wadda yau ana samunta kyauta.

Saura shaidu. Mahaɗa ɗaya daga shafin RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ko daga ƙungiyar ANFO ta masu sana'ar albasa, ko daga wata jarida da ta yi labari a kanku, ta fi ɗari da aka saya. Ana samunta ne ta hanyar da aka saba: a nema, a aika labari mai amfani, a ba da farashin mako da wasu za su so su nuna. Za ku gamu da masu cewa ku biya su kai ku lamba ɗaya cikin kwana bakwai. Google da kansa ya rubuta cewa babu mai iya lamunce wa kowa matsayi na farko. Cusa kalmomi a ɓoye ya daina aiki da daɗewa: a 2009 kamfanin ya bayyana cewa ba ya duba gurbin kalmomin da masu shafi ke cikawa, a 2012 kuma ya fito da gyaran da ake kira Penguin don hukunta mahaɗan bogi. A 2006 har shafin kamfanin motoci na BMW a Jamus an cire shi daga kundin na ɗan lokaci saboda irin wannan wayo. In an yi wa BMW haka, ƙungiyar manoma ba ta da wanda zai yi mata roƙo. Talla da ake biya daban take, tana fitowa da alamarta, tana kuma ɓacewa ranar da kuɗi suka ƙare.

Abubuwa biyu kyauta ne, kuma rabin yini ya isa. Na farko rajistar shago ko sito a taswirar Google, da lambar waya da lokutan aiki; tunda yawancin titunanmu ba su da suna, a tsaya a ƙofar wurin a dasa alamar da waya. Na biyu Search Console, inda mai shafi ke miƙa jerin shafukansa, ya ga waɗanda suka shiga kundi, ya kuma ga ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso gare shi. Wani gargaɗi a gefe: sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ne ko .com, haya ce ta shekara. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya, a ajiye kalmar sirri wurin mutum biyu. Abokina sakatare sai a ranar ya gano cewa nasu da sunan saurayin Yamai yake.

Na san abin da Alhazan tasha za su ce: mu da WhatsApp muke ciniki, kuma yana ci. Gaskiya ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai garka ɗaya ya kashe kuɗi kan shafi ba. Amma WhatsApp zaure ne na waɗanda suka riga suka san juna, injin bincike ba ya leƙa cikinsa, sabon mai saye ba zai same ka a can ba. Shafi aikin ƙungiya ne, da babban ɗan kasuwa, da ma'aikatar magajin gari. Ba zai gyara hanyar Buza ba, ba zai hana albasa ruɓewa a rudu ba, bai kuma hana rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita wa motoci tafiya ba. Abin da yake karewa shi ne suna. Manyanmu na tune da lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar violet de Galmi, sai da manoman Nijar da gwamnati suka tashi tsaye kafin ya janye daga sunan. A intanet ba a zuwa gaban hukuma: wanda ya fi yin bayani mai kyau kan albasar, shi injin ke nunawa, ko da bai taɓa taka Maggiya ba. Tun 2024 kuma Google ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman jerin, amsar da ake tsamowa daga abin da aka riga aka rubuta. Inda ba mu rubuta ba, da bakin wasu za a ba da labarinmu.

Sakamakon gyara ba ya zuwa a mako ɗaya, yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Don haka ƙungiyar ta kwarin Tarka ta sa aikin cikin watan Oktoba, lokacin da ake zuba iri, domin shafin ya zauna a kundi kafin motocin Maris su iso. An canza take, an cire tuta, an mayar da rajista da sunan ƙungiya. Wani ɗan lakwal daga cikin ƴaƴan manoman ne aka ɗora wa rubuta farashin buhu kowace ranar kasuwa, tare da kwanan wata a gefensa.