Raha da fargaba a siyasar duniya: misalin zancen Reagan na 1984

Wannan ƴar takarda tana duba tambaya guda: mi ke sa zance ɗaya ya zama wasa a kunnen wani, ya zama barazana a kunnen wani?

Ranar 11 ga Agusta 1984, Ronald Reagan, shugaban Amurka na lokacin, yana gwajin murya kafin jawabinsa na mako-mako a rediyo. Sai ya ce wa ma'aikatan ya sa hannu kan dokar haramta Rasha har abada, kuma nan da minti 5 za a fara ruwan bama-bamai. Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Ba a watsa maganar ba, amma ta fita, kamfanin labarai na Tarayyar Sobiyet, TASS, ya yi tir da ita.

Sai an tuna halin da ake ciki. A Satumba 1983 sojojin Sobiyet sun harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, mutum 269 suka mutu. Daga Nuwamba 1983 aka fara girke makamai masu linzami Pershing II a Jamus ta Yamma. Kowane ɓangare yana kwana da ido ɗaya.

Gregory Bateson ya nuna a 1955 cewa wasa ba ya tsayuwa sai da saƙo na biyu, wanda ke sanar da mai ji cewa wasa ne. Mu a Nijar mun san wannan ta hanyar taubasantaka, wadda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2014. Bafillace ya ce wa Babarbare bawansa ne, ba a yin faɗa, don alkawarin rashin cuta ya riga zagin. Tsakanin Washinton da Mosko babu irin wannan alkawari, fargaba kuwa tana toshe kunne daga jin saƙo na biyu.

A ganina, abin da ya fi nauyi yana cikin siffar jimlar kanta. «Na sa hannu» irin zancen nan ne da littafin John Austin na 1962 ya bayyana, wanda ƙarfinsa ke rataye ga matsayin mai faɗinsa. Da mai gyaran na'urar ne ya faɗe ta, da ta tsaya a ɗakin. Amma ta fito daga bakin mutum guda a Amurka da ke da ikon ba da umurnin harba makaman nukiliya, kuma a Mosko an san da haka.