Tafiyar Ƙasa da Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Gashaka-Gumti

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗa gandayen namun daji na Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya, hedikwatarsa kuma tana garin Serti, kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali ta haura tsaunin Mambila. Ɓangaren Gumti da ke arewa fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka da ke kudu kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi, kuma a can Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mai mita 2,419.

Yanayin ƙasar shi ya sa yawon wannan daji ya zama na ƙafa. Mota tana kai mutum ƙauyen Gashaka, daga nan sai sawu, tare da ma'aikacin gandun da ya san hanya, da 'yan dako idan tafiyar ta kwanaki ce. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye har ana iya ƙetare su. Da damina kogin da aka tsallaka da safe ruwa iya gwiwa yana iya cika ya batse kafin la'asar. Matafiyi na bukatar takalmi mai riƙe idon sawu, da riga mai dogon hannu, da kaya masu launin ƙasa, domin ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi. A cikin kurmi kuma ido a ƙasa yake, saboda wanda ya tsaya kan jerin kwarkwasa yana leƙen tsuntsu a sama ba zai daɗe a tsaye ba.

An lissafa wajen nau'i 500 na tsuntsaye a gandun, kuma dalilin wannan yawa shi ne tsawo. Mai hawa daga kwari zuwa ƙololuwa yana ratsa duniyoyi daban-daban cikin 'yan kwanaki. A fili zai ga zabin daji da cilakowa da shaho, carki kuma yana maƙale a bayan ɓauna yana cire mata kaska. A bakin kogi akwai zalɓe da sauran tsuntsaye masu kamun kifi. Can saman tsauni, inda sanyi ke sa mutum neman bargo, akwai tsuntsayen da ba a samun su sai a jerin duwatsun da suka haɗa Najeriya da Kamaru. Da rani kuma baƙin tsuntsaye daga Turai suna sauka bayan sun ƙetare Sahara.

A nan ne tafiya da ɗaukar hoto suke cin karo. Mai hawan dutse yana so ya ci nisa tun rana ba ta yi zafi ba, alhali wannan sa'ar ta farko bayan fitowar rana ita ce lokacin da tsuntsaye suke fitowa kiwo, haske kuma yana da taushi. Wanda ya ce zai haɗa biyun a safiya ɗaya yakan tashi a tutar babu. Shi ya sa ƙwararru suke ware ranakun tafiya daban da ranakun zama. A ranar zama, mai kyamara yana samun bishiyar da ta nuna 'ya'ya, kamar ɓaure, ya zauna a gefe rana na bayansa, ya yi tsit. Da farko wurin zai yi shiru kamar an share. Bayan ɗan lokaci sai ganye ya motsa, ƙaramin tsuntsu ya sauko ya karkata kai ya dube shi, ya ci gaba da tsattsagar 'ya'yan. Sauran sai su biyo baya.

Gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 400 ko fiye shi ne aka fi amfani da shi, sai dai nauyinsa abin lissafi ne ga wanda zai yini yana hawa. Tsuntsun da ke tashi yana bukatar saurin ɗauka na aƙalla kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukan su fito dishi-dishi. A kurmi haske ya yi ƙaranci, dole a ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, a haƙura da ɗan ƙuraje a hoton. Idon tsuntsun ake saitawa. Muddin ya fito tar, an yafe wa hoton sauran aibinsa. Hazon hunturu yana dusashe abin da ke nesa, raɓar asuba tana rufe gilashi, kuma babu inda za a yi cajin batir a tsauni, don haka ana tafiya da na ajiya.

Akwai ladubban da ba a sakaci da su. Ba a matsawa kusa da sheƙa, domin uwar na iya tashi ta bar ƙwai ga rana ko ga maciji. Kunna kukan tsuntsu daga waya don a yaudaro shi ya zama ruwan dare, amma yana hana shi kiwo, ya sa shi ɓata ƙarfi wajen neman abokin gabar da babu shi. A saman tsaunukan akwai rugagen Fulani makiyaya waɗanda doka ta amince da zamansu a cikin gandun. Wanda hanya ta bi da shi ta wurinsu sai ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya juya kyamara wajen mutum ko garkensa.